Ranar da Na Dafa Agalemin Kakannin Mijina

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Na manta yawan shekaruna, na manta fuskokin wasu da muka yi wasan ƙasa tare, wani lokaci ma sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Amma ranar da na saka agalemin gidan mijina a tukunya na hura masa wuta, wannan ko an kai ni kushewa da warinsa zan tafi a hanci. Ko da na so in manta ma, dangin mijina ba za su bari ba. Allah ya saka musu, sun adana min labarin da kyau, har jikokinsu sun haddace shi.

An kawo ni aure daga wani ƙauye na ƙasar Buza zuwa wani na ƙasar Keita, tafiyar hantsi daga Tamaske. Babban gida ne na manoma, rumbuna a jere, hatsi ba ya yanke musu. Amma abin da na fara lura da shi ba rumbunan ba ne, susa ce. Kowa a gidan yana susa. Surukina yana jan carbi yana susa. Mijina yana shan fura da hannu ɗaya, ɗayan yana aiki a hammata. Yara suna goga baya a jikin turmi kamar awaki a jikin katanga. In aka zauna gaisuwa sai ka ji ƙarar farce a kan fata kamar ana kankare ƙwarya. A garinmu sunan wannan abu ƙazwa, kuma ana jin kunyarsa. A gidan mijina sunansa gado.

Mutanen gidan Azna ne a da. Kafin in zo sun daɗe da kama salla, surukina har gemu ya tsayar, sai dai babu wanda ya tuna ya sanar da agalemin cewa an musulunta. Fatar wani baƙin rago ce da aka ce kakan kakansu ya yanka a gindin dutsen bayan gari, ranar da ya sari gonarsa ta farko. Dokarsa biyu ce. Duk jaririn da aka haifa a gidan a kansa zai kwanta har a yaye shi, kuma ruwa ba ya taɓa shi, don kada albarka ta bi ruwan. Fitsarin jarirai kuwa ba a saka shi cikin jerin ruwa. Ku auna da kanku abin da jariri ɗaya ke zubarwa kafin yaye, sannan ku tara na kakanni huɗu ko biyar. Albarkar ta yi kauri a jikin fatar nan har ta danne gashin.

In jariri ya yi wata ɗaya ko biyu a kai, ƙuraje suka feso masa a tafin hannu da tafin ƙafa, sai a yi guɗa. Kakanni sun taɓa shi, sun gane jininsu. In kuwa yaro ya wuce wata uku fatarsa sumul, ba a cewa komai. Sai a dubi yaron, a dubi uwarsa, a sake duban yaron. Don haka a gidan nan na ga matan kirki suna roƙon Allah ya saukar wa 'ya'yansu ƙazwa.

Mutum ɗaya ce ban taɓa gani tana susa ba, uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna. Doguwa ce, siririya, ba ta dariya sai ta ga dalili, kuma ba ta cika ganin dalili ba. Hannayenta kullum baƙi ƙirin da lalle har wuyan hannu, daga nan mundaye su karɓa har kusan gwiwar hannu. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke wa kowane jariri wanka safe da yamma, ita ke shimfiɗa shi a kan agalemi. An ce ita kakanni sun gama da ita tun tana amarya, shi ya sa ba sa taɓa ta. Na yarda. A lokacin ina yarda da duk abin da mai furfura ya faɗa.

Ɗana na fari namiji ne. Kun san kunyar ɗan fari: ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban mutane, in yana kuka ki kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Na yi wannan kunyar yadda ake so, har yabona aka yi. Kakanni suka taɓa shi, aka yi guɗa. Ƙurajen suka fashe, suka yi mugunya, suka haɗe da juna. Aka shafa masa toka, aka shafa kashin shanu, wanzami ya zo ya ƙara masa tsaga a kan waɗanda Allah ya riga ya ba shi. Daga baya fuskarsa ta kumbura, ƙafafunsa suka kumbura, fitsarinsa ya koma ja kamar jiƙon karan dafi. Yana wata bakwai ya koma. Masu gaisuwa suka ce kakanni sun so shi da yawa. Ni kuma na sunkuyar da kai ban yi kuka ba, don uwar ɗan fari mai tarbiyya ba ta kuka. Har yau in na ga yarinya tana wannan kunya a kan ɗa marar lafiya, sai in ji tafin hannuna yana ƙaiƙayin mari.

Ta biyu mace ce. Na haife ta a shekarun da Nasara ke yaƙi a ƙasarsu mu muna biyan wahalar a tamu. Yadi ya ɓace daga kasuwa, sabuni ya zama labari, mace mai zane biyu sai a riƙa nuna ta. Ɗiyata ta hau agalemi, kakanni suka yi aikinsu, aka yi guɗa. Da ta kai wata biyar tafin ƙafarta ya cika da ƙuraje masu ruwa, tana goga ƙafa da ƙafa har jini, ba ta barci, ba ta kama nono da kyau. Hanyar da wanta ya bi ita take bi, sawu a kan sawu.

Na yi wa ubanta magana. Ya saurare ni da kyau, yana susar gwiwa, sannan ya ce shi ma a kan agalemin ya kwanta, ga shi kuma da ransa. Na ce 'yan'uwansa nawa suka kwanta a kai, su nawa suka tashi? Ya ce in rage murya kada Inna ta ji. Jarumi ne mijina, Allah ya jiƙansa. Na taɓa ganin ya kashe kububuwa da sanda a gona, amma tarin uwarsa daga bayan zana yana sa shi ya manta abin da ya zo faɗa.

Ana cikin haka wani gardi, dogarin Nasara, ya zo a kan doki ya ce gobe masu lambar rigakafi za su zo daga likitar Tawa, wato asibitin birni, kowa ya fito da yaransa ƙofar maigari. Ji nan gari ya rikice. An ce duk yaron da aka yi wa lamba a dantse an rubuta shi ke nan, in ya girma soja za a kai shi. Da gari ya waye babu yaro ko ɗaya a ƙauyen. Garin da ba ka iya taka ƙafa don yara ya zama garin tsofaffi da juyoyi, sai dai rumbuna da ke ta atishawa. Ni kuwa na goya tawa na fita. Ba jarumta ba ce. Na duba ne na ga ɗiya mace ba a kai ta soja, kuma abin da nake tsoro ya riga ya shigo ɗakina.

Na samu anfirmen, wato ma'aikacin jinyar da aka aiko yin lambar, zaune a inuwa shi kaɗai da akwatinsa, gardi yana gyangyaɗi a gefe. Baƙin mutum ne kamarmu, daga can ƙasashen bakin teku, Hausarsa a karkace kamar ƙotar da ta sha rana. Ya kwance ɗiyata, ya juya ta, ya ce ba zai yi lamba a fata irin wannan ba. Sai ya ɗauko allura ya gasa bakinta a wuta, ya kama ƙafar yarinyar yana nema. Ya nuna min wani ɗan siririn layi a gefen tafin, kamar sawun tururuwa a kan ƙasa mai laushi. Ya bi layin har ƙarshensa, ya tsokano wani abu, ya ajiye a kan baƙin murfin gwangwani.

"Uwar ɗiya, duba da kyau," in ji shi.

Na duba. Wani ɗan farin ɗigo ne da bai kai ƙwayar garin tuwo ba. Ina kallo sai ya motsa. Na tsaya a ƙofar maigari ina kallon kakan mijina yana tattaki a kan murfin gwangwani. Ban taɓa zaton ƙanƙane ne haka ba.

Ya ce ƙwaro ne, yana haƙa rami a ƙarƙashin fata ya yi ƙwai, yana bin jiki zuwa jiki, yana bin shimfiɗa. Ya ce shi kansa ba ya kisa. Susar ce ke buɗe fata, ƙazanta ta shiga, sai ka ga fuskar yaro ta kumbura, ƙafa ta kumbura, fitsari ya yi ja. Ban gaya masa na taɓa haihuwa ba, amma mutumin nan ya zayyana min mutuwar ɗana kamar da shi aka yi jinyar.

Maganin ƙazwa babu shi a akwatin, ya ce yaƙi ya cinye. Ya ƙulla min wasu 'yan ƙwayoyi a takarda, ya ce in jefa kaɗan a ruwan ɗumi har ya yi kalar ɓawon albasa, in riƙa wanke gyambunan. In sun bushe, in nemi farar wuta wurin maharba, in niƙa ta lukwui kamar kwalli, in kwaɓa ɗan kaɗan a man shanu mai yawa, in shafe ta duk jiki kwana uku, ban da ido da baki, in yanke mata farce. Duk abin da take kwanciya a kai in dafa shi a tafasasshen ruwa. Na uku kuma, ya ɗaga yatsa ya maimaita har sau biyu, kowa da kowa a gidan ya shafa, rana ɗaya, babba da yaro.

Maganarsa uku ce, na ɗauki biyu na bar masa ta ukun a nan gindin bishiya. Ku gaya min yadda matar ɗa za ta dubi surukinta mai gemu ta ce ya tuɓe ya shafa man shanu. Ban kuma gaya masa cewa abin da ɗiyata ke kwanciya a kai fata ce ba zane ba. Da na faɗa, da wataƙila ya ce in shanya a rana kawai. Amma na ji kunya in tona asirin gidan aurena a gaban baƙo. Kunya dai, ita ce ba ta gaji da yi min hidima ba.

Ranar kasuwar Tamaske na kai kazata wurin wani tsohon maharbi, ya ba ni farar wuta cikin ƙullin ganye. Na wanke gyambunan, na shafe yarinyar, na shafe kaina don ni ma ina da rabona tsakanin yatsu. Inna ta shinshina ta tambayi warin mene ne, na ce maganin sauro ne na garinmu. Ta ce ba ta yi mamaki ba, mutanen Buza sun saba da abin wari.

Saura dafuwa. Lokacin girbi ne, gida duka ya tafi gona tun da sanyin safiya, aka bar ni da daka. Na jawo babbar tukunyar wankan jego, na cika ta, na hura wuta. Na dafa zanen goyo, na dafa tsummokaran yarinyar, na shanya. Sannan na shiga na ɗauko agalemin. Na ce bisimilla, don in ma akwai wani a ciki ya san da sunan wa aka zo masa, na tura shi cikin tukunya da muciya. A raina, in ya tafasa zan shanya shi a bayan ɗaki, kafin la'asar ya bushe, in mayar, babu wanda ya sani.

Ni da na tashi gidan da ake dafa ganda, ban san me ya shiga kaina ba. Ruwan ya fara yin baƙi, gashin ya saki ya taso sama. Da na ɗaga da muciya, abin da a da yaro ke miƙewa a kai ya nannaɗe ya dunƙule bai wuce faifai ba, yana rawa kamar tuwon da bai nuna ba. Na mayar da sauri, kamar in ya ƙara dahuwa zai tuba ya koma yadda yake. Sai wari ya tashi. Abin da ya fi ba ni haushi, ba warin ƙazanta ba ne kaɗai. A ƙarƙashinsa akwai ƙamshin nama.

Da azahar suka dawo. Mijina ne a gaba da dami a ka, hancinsa a sama, fuskarsa cike da murna.

"Ke, wa ya yi yanka? Ashe yau da romo za mu sha."

Na tsaya da muciya a hannu. Inna ta shigo bayansa. Ba ta dubi tukunyar ba, ɗakina ta fara shiga, ta fito, sannan ta zo ta karɓi muciyar daga hannuna ta tsamo abin. Gidan ya yi tsit. A iya zamana a gidan nan, ranar ce kaɗai na ji babu mai susa.

"'Yar Buza," ta ce, "mi kika dafa?"

Na ce ƙwari na dafa, Inna. Na ba su labarin allura da murfin gwangwani. Surukina ya ce to, yanzu kakansa ya zama ƙwaro a bakin matar ɗansa, kuma shaidarta wani kafiri mai ɗaukar wa Nasara akwati. Aka zauna a kaina a zaure. Hukuncin bai ɗauki lokaci ba: in an gama girbi in koma gidanmu, ɗiya kuwa ta gida ce, za ta zauna. Kafin nan za ta yini a ɗakin Inna don a roƙa mata gafarar kakanni, a riƙa kawo min ita shan nono kawai. Aka tambayi mijina ko yana da magana. Ya dubi ƙasa ya sosa ƙeya, aka ɗauka ya yarda.

Abin da ya riƙe ni a kwanakin nan shi ne yarinyar tana warkewa. Gyambunan sun bushe, tana barci, ta fara dariya. Na ce a raina ko sun kore ni na bar musu ɗiya mai lafiya, agalemi kuma ya tafi. Har wani taƙama nake yi in na wuce matan gidan.

Sati uku ba su cika ba ta soma goga ƙafa da ƙafa. Na buɗe tafin, ga 'yan layukan nan sun dawo sababbi. Matan gidan suka rangaɗa guɗar da ba su yi ba ko ranar sunanta. Kakanni ba sa buƙatar fata, in ji su, da ƙafarsu suke zuwa. Ni kuwa na zauna bakin murhu ina lissafi. Na kashe aurena, na dafa dukiyar mutane, ciwo yana nan, girbi kuma saura kaɗan. In na tafi, wa zai shafa mata farar wuta? Toka da wanzami ne za su karɓe ta, kuma na san inda hanyarsu ke ɓullewa.

Sai na tuna yatsan anfirme da ya ɗaga. Daga jiki zuwa jiki. Na fara duba wanda ke taɓa yarinyar. Ubanta ba ya ɗaukarta, yaran gidan an hana su ɗiyar mai dafa kakanni. Daga ni, sai mutum ɗaya, wadda ba ta susa.

Allah bai ba ni karatu ba amma ya ba ni ido. Kwana biyu ina bin Inna da kallo. A rana ta uku da tsakar rana, kowa na gona, na gan ta ta zaga bayan rumbu. Na bi ta gefen zana na leƙa. Tana tsugune, ta tura mundayenta sama, tana goga wuyan hannunta a jikin wani dutse mai kaushi, idonta a rufe, haƙoranta a cije. Dutsen ya yi santsi a wurin, ya yi ɗan kwari. Ba aikin shekara ɗaya ba ne, ba na goma ba.

Na koma bakin turmina. Gaskiya abin da na fara ji daɗi ne, irin na mai shirin tara gari. Na hango kaina ina jan hannunta zuwa zaure. Sai kuma na yi tunanin abin da zai biyo baya: za ta ce sharri ne, ɗanta zai dubi ƙasa, a gaggauta korata, yarinya ta koma hannun nan. Tona mata asiri zai ƙosar da ni, ba zai warkar da kowa ba.

Washegari na kwaɓa lalle, na ɗauki zunguru, na yi sallama a ƙofarta. Na ce tunda tafiyata ta kusa, ina so in yi mata ƙunshi na ban kwana, in nemi gafara. Ƙin karɓar tuban matar ɗa abin magana ne, don haka ta miƙo hannu. Na ce sai an cire mundaye, Inna. Ta ce a bar su. Na ce lallen zai ɓata su. Na zare su ɗaya bayan ɗaya, ita tana kallon bango. A ƙarƙashinsu fatar ta yi kaushi kamar bayan kada, tsakanin yatsu kuma, inda baƙin lalle ya rufe, layuka ne birjik.

Na ciro allura daga bakin zanena. Na gasa ta a garwashin da ke ɗakin. Ba ta janye hannun ba, kuma har yau ina ba ta wannan. Sai da na yi nema sau huɗu kafin na samu. Na ajiye mata shi a kan farcenta na babban yatsa, baƙi wuluk da lalle. Muka sunkuya mu biyu muna kallo har ya motsa.

Na shirya maganganu da yawa don wannan lokaci, na kwana ina wasa su. Ko ɗaya ban faɗa ba. Ita ce ta yi magana, ba kuma da ni take ba.

"Da hannuwan ga na wanke su duka."

Sai ta fara kiran sunayen jariran da suka koma a hankali, tana lanƙwasa yatsu. Nata biyu, na matan 'ya'yanta, har ta zo kan sunan da ni ban taɓa kira ba. Da ta kira shi sai kukan da na ajiye shekara uku ya zo, a ɗakin matar da na zo in ci wa mutunci. Ba ta rarrashe ni ba. Ta bari na gama, sannan ta ce abin warin nan na mutanen Buza, akwai saura?

Kada ku zaci ta fita ta ce matar ɗanta ta yi gaskiya. Inna ce fa. Da safe ta tara gidan duka ta ce kakanni sun zo mata, ransu a ɓace ƙwarai. Tunda an dafa shimfiɗarsu, sun rantse sai kowa ya ɗanɗana: a dafa tufafin kowa, a fitar da tabarmi da gadaje a shanya a rana, kowa ya shafe jikinsa da farar wuta da man shanu kwana uku, daga mai gemu har na goye. Mai laifin kuma ba za ta je ko'ina ba, ta tsaya ta yi niƙa da kwaɓi da hannunta, shi ne horonta. Abin da anfirme ya faɗa ke nan kusan kalma da kalma, amma da ya fito daga bakin matattu babu wanda ya yi musu.

Na ga abin kallo a kwana ukun nan. Kowa riga ɗaya gare shi, ita kuma tana tukunya. Surukina ya yini a zaure naɗe da tabarma, yana ƙyalli, ƙuda na yi masa fadanci, duk wanda ya yi sallama a ce ba ya nan. Gidan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai har maƙwabta suka aiko tambayar ko wani abu ya mutu a rijiya. Bayan sati Inna ta ce kakanni ba su huce ba, a sake. Ni na gaya mata a sake ɗin, a bayan rumbu.

Kafin watan ya ƙare aka daina jin kankarar ƙwarya a gidan. Mijina ya rasa abin da zai yi da hannunsa na hagu. Aka yi sadakar fura don gode wa kakanni da suka ɗauke gadonsu. Guntun agalemin, da ya bushe ya yi tauri kamar ƙaho, aka ɗinke shi cikin jar fata aka rataye a rumbu, ana cewa da kansa ya tsuke don fushi. Ni kuwa sunana bai canja ba. Har Inna ta rasu, in baƙi sun zo takan nuna ni ta ce ga wadda ta dafa mana kakanni. Amma duk haihuwar da aka yi bayan nan, kafin ta taɓa jariri sai ta kira ni ɗaki ta miƙo min hannayenta in duba, ba mundaye.

Ɗiyata ta rayu. Yau ita ma tana da furfura, tana kawo min jikokinta in duba musu fata, kamar yadda rabin garin ke yi. Na iya raba makero mai zagaye kamar zobe da kyasbi mai fari-fari, na san ƙurajen zafi da ba sa son komai sai ruwa da inuwa, na kuma san wanda ya fi ƙarfina, in ce a wuce likita tun kafin fuska ta kumbura. Amma in ƙazwa ce, ba na fara duba yaron. Nakan ce wa uwar ta buɗe yatsunta, in tambayi wa ke masa wanka, wa ke goya shi, musamman wadda aka ce ita ba ta susa. Abin da ranar ta koya min ke nan: ciwon fatar yaro na gidan ne duka, kuma yakan ɓuya a hannun da ya fi kowa son yaron. In kin gano shi, ki zaɓa tsakanin a ce kin yi gaskiya da ɗanki ya warke. Ni na bar wa kakanni yabon, na riƙe ɗiyata.